Ranar da Na Kaɗa wa Mama Ƙararrawa

Ni malamar lissafi ce, kuma duk wanda ya zauna da ni ya san ba na son a ɓata mini lokaci. Maigidana, tun yana da rai, ya sha cewa ko ranar tashin matattu sai na duba agogo na ce an makara. Da wannan halin aka yi mini canjin aiki daga wajen Numan zuwa wata makarantar 'yan mata a Daura, kuma da shi na shiga ƙaramar majami'armu ta Lutheran da ke bakin gari.

Majami'ar ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano da benci goma sha biyu, biyu daga ciki sai an tokare su da dutse. Yawancinmu baƙi ne da aiki ya kawo: 'yan sanda, ma'aikatan asibiti, malaman makaranta da iyalansu. Kowa da yarensa na gida, amma Hausa ce ta haɗa mu, da ita muke waƙa, da ita muke roƙon Allah. Ba mu da fasto zaunanne. Mai bishara ne ke riƙe da mu, wani dattijo siriri mai tsohon babur, wanda Lahadi da safe yana tare da mu, da rana kuma ya nufi Mashi wajen wasu iyalai uku. Fasto sai bayan wata biyu ko uku yake zuwa daga Katsina ya ba mu Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa don tunawa da Almasihu.

Ranar Laraba bayan la'asar ake yin ajin addu'a na manya. Ban cika wata huɗu a garin ba mai bishara ya damƙa mini ajin, ya ce, "Malama, ke kin saba da allo." Ban yi gardama ba, don gaskiya na ji daɗi. Muna bin Addu'ar Ubangiji ne daki-daki, roƙo ɗaya kowane mako. Mu karanta bayaninsa a ɗan littafin koyarwa, mu tattauna, sa'an nan a zagaya kowa ya yi addu'a da bakinsa a gaban jama'a. Amfanin zagayen ke nan, domin akwai manya masu furfura waɗanda in ka raba su da abin da suka haddace tun suna yara sai baki ya mutu. Akwai wani kofur da ke iya tsayar da tirela da hannu ɗaya, amma in aka ce ya yi addu'a sai gumi ya jiƙa masa riga.

Mutum ɗaya ce ba ta da wannan matsalar, ita ce Mama. Haka kowa ke kiranta, har mai bishara da suke kusan sa'anni. Kunun gyaɗa take sayarwa a bakin tasha, ba ta karatu, kuma kullum tana zama a bencin gaba kusa da taga saboda ƙafarta. In zagaye ya zo kanta, to kowa ya gyara zama. Takan fara da gaishe da Allah kamar ta shiga gidan babban wanta, sa'an nan ta kama ambaton awakinta, ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ba ta son cin dusa. Daga nan ta shiga tsadar gyaɗa, ta wuce kan Hajiyar da take haya a gidanta da ciwon bayan mijin Hajiyar, ta bi direbobin tasha da sunayensu, ta koma kan marasa lafiya na asibiti waɗanda ba ta ma san su ba. Ni dai da ta kai kan awaki nake daina saurare. Idona a rufe, amma raina yana kan agogo.

Ina da hujjata, kuma har yau ba na cewa ƙarya ce. Akwai mata biyu da ke zuwa daga Sandamu, dole su sami babur kafin magariba, in ba haka ba kuɗin ya ninka, mazansu kuma su yi ta kira. Saboda haka wata Laraba na zo da 'yar ƙararrawar hannu irin ta makaranta, na ajiye a kan tebur, na sanar da doka: kowa minti uku, in na kaɗa sai a ce amin a ba na gaba. Aka yi dariya, kofur ya ce shi ko minti ɗaya ya ishe shi har da canji. Mai bishara ne kawai bai yi dariya ba. Ya ce, "Malama, a dai bi a hankali." Na ce to, ban tambaye shi abin da yake nufi ba.

Ranar muna cikin azumin da ke gaban Ista, bagade, teburin da ke gaban majami'a, da shunayyar shimfiɗa, zafi kuwa kamar kwanon zai narke a kanmu. Kowa ya yi tasa a gajarce, har zagaye ya iso kan Mama. Minti uku suka cika tana kan gyaɗa. Na ƙyale ta. Na ba ta biyar, na ba ta bakwai, ina jin kaina mai adalci. Da ta gama da direbobi ta gama da asibiti, sai muryarta ta yi ƙasa, ta ja numfashi, ni kuma na ce ga gaɓa ta samu. Na ɗaga ƙararrawa na kaɗa.

Mama ta katse addu'ar, ta ce, "Amin," a hankali. Ba wanda ya amsa. Na buɗe ido na ga kowa ya sunkuyar da kai, ba mai kallona, har matan Sandamu da na yi domin su. Muka tashi da sauran rana sosai, ba a taɓa tashi da wuri haka ba.

Laraba ta gaba Mama ta zo, ta zauna a wurinta, ta gaishe ni da fara'a, ta tambayi makaranta. Da zagaye ya zo kanta ta ce, "A wuce ni, 'yata." Haka ta gaba, haka wadda ta biyo. Da farko na ce fushin tsofaffi ne, zai wuce. Har na yi wa kaina huɗuba cewa doka doka ce, kuma in aka ɗaga wa ɗaya ƙafa an zalunci goma. Amma ajin ya zama kamar miya ba gishiri, kuma duk lokacin da ta ce a wuce ta sai in tuna da ƙararrawar. Abin da nake so ɗaya ne, in sake jin matar nan ta buɗe baki a gaban Allah, kuma na san ni na rufe shi.

Ana haka aka sanar cewa fasto zai zo ranar Alhamis ta makon Ista. A wurinmu ba a tashi haka kawai a je teburin Ubangiji. Kwana biyu ko uku kafin ranar, duk mai niyyar ci zai je wajen mai bishara ya ba da sunansa, shi kuma ya tambaye ka ko akwai wanda kuke da wata magana da shi. In akwai, sai ka je ka same shi tukuna. Na je ranar Talata na tarar da shi a gindin darbejiya yana gyaran sarƙar babur. Ya goge hannu ya ɗauko littafin, ya yi tambayar kamar yadda yake yi wa kowa. Na ce ban sani ba ko Mama tana riƙe da ni, ni dai doka na bi.

Ya dube ni ya ce, "Malama, wata nawa kina jin addu'ar Mama?"

Na ce, "Ya kai shida."

"To wa take ambata a ƙarshe?"

Na san akuyar da ba ta cin dusa, na san ciwon bayan Alhaji, amma ƙarshen addu'ar ban taɓa jin sa ba ko sau ɗaya.

Sai ya ba ni labari. Mama tana da ɗa guda, shi kaɗai ya rayu a cikin waɗanda ta haifa. Shekara tara da suka wuce ya bar gida ya ce zai tsallaka Nijar ya bi hamada neman aiki. Daga tashar Daura ya kira ta kira na ƙarshe, ya ce ga motar ta cika. Da shiru ya yi yawa ta sayar da gonarta a garinsu ta biyo sawu, ta zo ta kafa tukunyar kunu a daidai inda motocin kan iyaka ke sauke mutane. Mai bishara ya ce, "Ba ta iya kama sunansa kai tsaye. In ta fara da shi kuka ke hana ta. Shi ya sa take bi ta kan awaki, ta bi ta kan mutane, tana tara ƙarfi. In ta iso, sai mu duka mu ce amin da ƙarfi mu taya ta ɗauka. Kin kaɗa ne tana bakin ƙofa."

Na ce cikin zafi, "Baba, me ya hana ku gaya mini?"

Ya ce, "Mun ɗauka kina ji."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ban bar shi ya rubuta sunana ba, na ce ya dakata.

Washegari da na tashi daga makaranta ban ko biya gida ba. A shekarar nan azuminmu ya haɗu da na Musulmi. Na shiga gidan da Mama ke haya na tarar da Hajiya, mai gidan, tana daka a tsakar gida don buɗa-baki. Ta amsa sallamata ta nuna mini ɗakin da ke kusa da turken awaki. Mama tana zaune a tabarma a bakin ƙofa tana ɓare gyaɗa. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu. Na durƙusa a ƙasa na ce, "Mama, na yi miki laifi, ban sani ba. Ki yafe mini."

Ta ce, "Kai, tashi, 'yata, za ki ɓata zaninki, nan awaki ke kwana." Ta jawo ni kan tabarma ta tura mini tiren gyaɗa, wai tunda na zo sai in yi aiki. Muka ɓare gyaɗa na ɗan lokaci. Sa'an nan ta ce ita ba ta yi fushi ba, ta san matan Sandamu suna da nisa. Abin da ke damunta daban ne. "In ni kaɗai ce a ɗaki ba na iya kai wa gare shi. Na gwada, sai in tsaya a hanya. A aji kuma in na buɗe baki sai in ji kamar abin nan zai yi ƙara. Mako uku ke nan, 'yata, ba wanda ya kai yaron nan gaban Allah."

Hawaye suka zubo mini. Na ce, "Mama, ki yi yanzu. Ni zan ce amin."

Ta dube ni da shakka, ta ce, "Daga farko fa zan ɗauko. Ban iya farawa daga tsakiya ba."

Na ce, "Ki ɗauko daga farko."

Ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarta, ta kama hannuna, ta rufe ido. Ta gaishe da Allah. Ta kama awaki, su kuma suna nan kusa da mu suna tuƙa abinsu. A karo na farko na bi ta sawu-sawu, sai na ga ashe hanya ce take bi, daga turke zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa titi, daga titi zuwa tasha, kowane direba da garin da yake zuwa, kuma kowane gari ya fi na bayansa kusa da kan iyaka. Da ta zo kan ciwon bayan Alhaji na ji taɓaryar Hajiya ta tsaya, ba ta sake sauka ba.

Ta gama da asibiti. Muryarta ta yi ƙasa, ta ja numfashi, ta tsaya daidai inda na tsayar da ita. Shirun ya yi tsawo har na ji tsoron ba za ta iya ba, kuma ba abin da zan yi mata sai jira. Na ƙara riƙe hannun.

Sai ta faɗi sunan. Ta roƙi Allah in yana da rai ya ba shi ruwan sha da wanda zai yi masa magana mai daɗi, in kuma ya riga ya je, to ya gane shi, ɗanta ne, an yi masa baftisma a kogi yana da wata uku.

Na ce amin da duk ƙarfina, muryata ta fashe. Daga bakin turmi Hajiya ta ce, "Allah ya bayyana shi, Mama."

Mama ta share fuska da gefen ɗankwalinta, ta ce in zo gobe da wuri in kama ta mu tafi, domin in ta durƙusa a gaban bagade gwiwarta ba ta tashi sai da mai ɗagawa. Haka aka yi, muka karɓi gurasa da ƙoƙo kafaɗa da kafaɗa, na ɗaga ta.

Sunan ɗan gajere ne, irin na mutanen gida. Na bar Daura yanzu, Mama kuma tana nan a bakin tasha da tukunyarta. Tun daga ranar nan ban taɓa yin addu'a na tashi ban ambace shi ba, ni da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Har yau bai dawo ba.