Hantar Mama a Langar Manya

Har yau in na zo jefa hanta cikin miya sai raina ya ɓaci. Jikokina suna tsokanata wai ina faɗa da tukunya. Da mahaifina nake faɗan, ko da yake ya daɗe da kwantawa, Allah ya ba shi hutu.

A shekarar da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan ne, lokacin da kowane akawu a Gombe ya wayi gari da sabon babur da rediyo mai cin kaset. Muna haya a Herwagana, ciki biyu da falo, a gidan wani Alhaji mai sayen gyaɗa da auduga. Baba akawu ne a wani ofishin gwamnati. Ni ce 'yar fari, shekarata goma sha bakwai, na dawo hutun Kirsimeti daga makarantar horon malamai.

Ban tarar da Mama yadda na bar ta ba. Wata biyu ke nan da ta haifi autarmu, kuma ta zubar da jini sosai wajen haihuwar. Tafin hannunta ya yi fari fat, in ta miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe ta. Na raka ta asibiti, malamin asibitin ya ja fatar idonta ƙasa ya duba, ya ce, "Baiwar Allah, ba ki da jini. Zan ba ki magani, amma ki ci hanta, ki ci nama." Mama ta ce to, irin to ɗin da take ce wa duk abin da ba ta da niyyar yi. Na san ta sarai. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta ɗauki tsoka daga miyar da ta dafa ta kai bakinta ba. Ƙashi take tsotsa, shi ma bayan kowa ya tashi.

Saboda haka na ɗaura aniya: miyar Kirsimetin bana ni zan dafa, kuma hanta ta Mama ce ko da wa za a yi rigima.

Jajibiri aka yi watanda. Magidantan cocinmu ne suke haɗuwa su sayo sa daga wajen Kwadon, a kira mahauci Musulmi ya yanka, don maƙwabta su ci abin da za mu aika musu hankali kwance. Sai a kasa naman kashi-kashi a kan ganye, kowane kashi da tsoka da ƙashi da kayan ciki, a ɗora masa hanta 'yar mitsitsiya, wadda ba ta wuce yatsu biyu ba. Da na ga tamu na ce wannan ko kyanwa ba za ta ƙara wa jini ba. Na bi matan unguwa ɗaya-ɗaya ina musaya. Wannan na ba ta tumbi ta ba ni hantarta, waccan na ba ta hanji. Wata tsohuwa ta ƙi karɓar komai, ta ce in kai wa uwata, ita haƙoranta ma sun gaji. Na koma gida da hanta cike da tafin hannuna biyu, ina tafiya kamar wadda ta ci jarrabawa.

Da sassafe ranar Kirsimeti na hura murhu. Mama ba ta iya zuwa coci ba, ni ma na ce ba inda za ni. Ta shimfiɗa tabarma a bakin madafi da jaririya a cinya, wai ba za ta sa baki ba, amma ban ɗaga ludayi sau ɗaya ba tare da ta yi gyaran murya ba.

Na wanke naman na zuba a tukunya da albasa da gishiri, na daka citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa na watsa. Na ɗauko moɗa zan zuba ruwa, ta ce, "Ke, bar shi ya fid da nasa tukuna." Na bari. Ya tsatso ruwansa, ƙamshi ya cika gidan har matar Alhaji ta leƙo ta katanga tana cewa yau azumin maƙwabta ya karye tun ba a ɗauka ba. Tattasai da attaruhu da tumatir kuwa a dutse na niƙa su, gwiwa bibbiyu, domin Mama ba ta yarda da injin markaɗen da aka kawo bakin titi ba. Ta ce ruwa yake cika wa kayan miya, kuma ba ka san barkonon wa ya riga naka shiga ba. Idanuna suka yi ta zuba, hannuna ya yi ta raɗaɗi har washegari.

Da naman ya yi laushi na tsame shi, na soya a man gyaɗa har ya yi ja. A man nan na juye niƙan, na tsaya a kansa ina juyawa, yana fantsalo mini a hannu, har tsamin tumatir ya mutu mai ya taso sama. Sannan na mayar da romon, na marmasa daddawa, na zuba naman. Hanta ce ƙarshe. Mama da kanta ta koya mini cewa in ta daɗe a wuta takan yi tauri kamar takalmi, don haka sai da miya ta kusa sauka na yayyanka ta na jefa. Na ɗanɗana, ni kaina na san na yi abin kai.

Nan take na ce ta ci tun da zafi. Ta dube ni kamar na zage ta.

"Babanki bai dawo daga coci ba, ba a fitar wa maƙwabta ba, ni in buɗe tukunya? Fita kunyar mutane tukuna, 'yata. Ni ina nan, ba gudu zan yi ba."

Na yi magiya, ta ƙi. To, sai na yi dabara, kuma dabarar nan ce ta kashe ni. A cikin kabad ɗin falo akwai wata langa mai murfi, fara da furanni ja, wadda Baba ya sayo da kuɗin ƙarin albashi. Ba a taɓa cin komai a cikinta a gidanmu ba. In ta fito, to abinci za a kai gidan fasto ko gidan wani babba. Na ce a raina, yau wa ya fi Mama girma a gidan nan? Na sauko da ita na ɗauraye, na tsince hantar nan kaf, na haɗa da tsoka mafi laushi, na malala miya a kai, na rufe. Na ajiye ta a kan teburin falo, nesa da hannun ƙannena. Mama ta shiga ɗaki ta kwantar da jaririya, barci ya ɗauke su tare.

Daga nan na shiga rabon kwanuka. Kowane gida shinkafa da miya da yanka uku ko huɗu: gidan Alhaji, gidan tela, gidan malamin makarantar allo da ke bayanmu, gidan Fulanin da suke kawo mana nono. Da Sallah su ma haka suke yi mana, ba wanda yake tsallake wani. Kuma ba a ajiye kwano a juya, sai an gaisa, an tambayi mai jiki, an sa maka albarka. Kwanon ƙarshe har Nasarawo na kai shi, gidan wata ƙawar Mama. Ban dawo ba sai da rana ta karkata.

Tun daga ƙofar gida na ga babura jere, guda shida ko bakwai, sababbi, wasu ko ledar sirdinsu ba a cire ba. Abokan aikin Baba ne, sun cika falo, rediyo na ta kururuwa, kowa da faranti a cinya yana suɗe yatsa. Ba wanda ya gayyace su, Kirsimeti ba ta bukatar gayya. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ce a bakin tukunya tana ta loda musu, hannunta a sake tun da ba ita ta niƙa attaruhun ba. Ban damu ba, na san na ware na Mama. Na duba kan tebur. Babu langa.

Na tambayi Gwaggo, ta ce, "Ai yayana ya kai."

"Ya kai ina?"

"Gidan mai gidansu na ofis mana. Da ya dawo daga coci ya gan ta a shirye, har ya yaba miki hankali. Ya ɗaure ta da adiko ya hau babur."

Ban san lokacin da na tsaya a gaban Baba ba. Ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar a gaban baƙinsa na ce, "Baba, langar nan ta Mama ce! Hantarta ce a ciki, wadda aka ce ta ci a asibiti!"

Wani ya rage rediyo. Na zaci zai daka mini tsawa, da ma ya yi hakan da ya fi mini sauƙi. Sai ya dube ni da mamaki na gaskiya, hannunsa da maiƙon miyata, ya ce, "To ke wa ya ce ki zuba a langar? Uwarki a nan take ci?"

Kun ji fa. Mutumin da ya zauna da mace shekara goma sha takwas, ya ga langa mai kyau a cikin gidansa, ya buɗe ya ga hanta da tsoka mai laushi, amma ko sau ɗaya bai zo masa a rai cewa ta matarsa ce ba. Shi babban nasu kuwa, mutum ne mai firji da kuku, wanda a ranar nan langa ta fi goma ta shiga gidansa daga ƙananan akawuna masu neman a san da su. Wa ya sani ma ko ya buɗe tamu? Ƙila mai gadi ne ya cinye jinin uwata ya sha ruwa. Baba ba mugu ba ne, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da mugunta ya yi, da na san inda zan ajiye abin.

Na ce zan je in karɓo. Baƙin suka fashe da dariya, ɗaya ya ce 'yan makarantar yanzu sai a hankali. Gwaggo ta ja ni waje tana cewa in rufa wa ubana asiri, an taɓa kai kyauta a koma a ce a ba ni? Na fizge hannuna na nufi tukunya. Na karkata ta, na laluba da ludayi. Ƙashi biyu, da wata jijiya da ko wuƙa ta ƙi, da jan mai a gindin tukunya. Shi ke nan abin da ya rage daga kashinmu na sa guda.

Hayaniyar ce ta tashi Mama. Ta fito a hankali ta zauna a tabarmarta, na durƙusa gabanta ina kuka ina ba ta labari, ina jiran ta yi fushi ko sau ɗaya a rayuwarta. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Gaskiyar babanki ce. Ni ma da na gan ta a kan tebur, da na ce a kai."

Wallahi a lokacin har ita na ji haushi. Na zuba mata shinkafa, na kalato man nan da ƙasusuwan na ɗora a kai, a tsohon kwanonta mai lamba a gindi. Ta sa hannu ta fara ci. Ta yi loma biyu, sai ta tsaya, ta ɗago da damuwa a fuskarta. Na matso, na zaci jirin ne.

Ta ce, "Allah ya sa dai gishirin bai yi yawa ba. Kada ki ba babanki kunya a gidan mutane."

Na ce mata gishiri ya yi daidai. Ta ce to mun gode Allah, ta ci gaba da cin shinkafarta.