Faifan Gwajin Tarig

Ranar Talata mai gidan da Tarig Hussain ke haya ya ba shi kwana uku ya bar shagonsa na unguwar Ainu Shams, nan Masar. Dalili, Malam Ukasha, ɗalibin da ke ja mana salla, ya ɗauke shi bidiyo ya watsa a zaurenmu na WhatsApp, ya rubuta: "Masu bautar Shaiɗan sun shigo unguwa."

Tarig Bahaushen Sudan ne, mai gyaran lasifika. Yaƙi ya koro shi daga Omdurman, shi da matarsa Bakhita da akwatin sukudireba. Kasuwar Ataba yake zuwa ya sayo matattun lasifikoki ya sake naɗa musu waya. Shekara biyu ina sayar da kisra, gurasar 'yan Sudan, a ƙofar shagonsa, ban taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba.

In ya gama gyara, faifai ɗaya yake gwaji da shi, tsohon kiɗan Turawa da suke kira hebi metal. Ganga kamar ruwan harsashi, jita tana gurnani irin na injin niƙa, mawaƙin yana kurma ihu. Har farantina yake karkarwa.

Na taɓa ce masa, "Kai Tarig, kanka ba ya ciwo?"

"Yaya, lasifikar da ta ɗauki wannan ba ta tsage ba, khalas, shi ke nan ta warke. So kike in gwada da karatun Alƙur'ani, aya ta fito a karye?"

"To me yake wa ihu haka?"

"Yaƙi. Wai manya na zaune, 'ya'yan talakawa na mutuwa." Ya ajiye sukudirebar. "Gangar nan na san ta. A bakin gada na ji ta, ranar da muka gudo."

Ranar da aka ɗauki bidiyon, lasifikar masallacinmu yake gwadawa. Ukasha ne ma ya kawo masa ita da hannunsa.

Mai gida ya ce in Juma'a ta wuce, 'yan sanda zai kira. Takardar zaman Tarig ta ƙare, yana jiran sabuwa. In suka zo, ba shagon kaɗai zai rasa ba, tsoronmu a mayar da shi inda ya gudo. Tun jiya Bakhita ba ta sa komai a bakinta ba.

Malam Ukasha, gobe Juma'a. Kai da masu kula da zauren nan, ku goge bidiyon yau. Ka je ka tsaya gaban mai gida ka faɗa masa abin da Tarig yake gyarawa. Sannan bayan salla ka janye maganarka a gaban jama'a, ta cikin lasifikar da ya gyara maka.