Uban da Na Ƙi a Tayar

Littattafan labarin zane arba'in da biyu, karatun shekara goma sha ɗaya, su na tsaya karewa. Da kamfanin da ke buga su ya ce zai share tarihin jarumansa ya faro sabo, kowa a majalisarmu ta Gezawa ya kawo tsarinsa. Tela ya ce a tayar da marigayi mahaifin jarumin nan mai tashi sama.

Na ce, "Malam, hatsi nake sayarwa. Daga zangarniyar bara ake cire iri. Mutumin da na yi wa kuka ba zai tashi ba."

Aka ɗaga hannu, bakwai suka kayar da ni. Na kwashe littattafaina da suke ara, na bar majalisar. Na rasa benci da abokan hira, amma a ɗakina uban yana kabarinsa.