Barden da bai hau tsani ba

A ƙauyenmu, da zarar an sauke tukunyar tuwo, kakata Hajjo takan ja tabarma kusa da murhu, ta tura dankali cikin toka, ta ɗauki mazarinta. Mu jikoki mu kewaye ta. "Ga ta nan tafe, ku matso," in ji ta. Mu ce ta iso mu ji.

Akwai tatsuniyar da ta fi so, ta wani barde da sarki ya umarta ya kai mutanen gari duniyar wata. Barde ya tara maƙera da masassaƙa, ya shekara yana haɗa tsani. Shi ke gwada kowane mataki, shi ke zaɓen samarin da za su hau. Ran da igiya ta tsinke wani yaro ya faɗo, shi ya je da ƙafarsa ya gaya wa uwar. Daga baya samari suka kai, suka dawo da farar ƙasa a aljihu, aka yi ta yi musu kiɗa.

"Shi barden fa, ya hau?" na tambaya.

"Kai, mijina, in ya hau wa zai riƙe gindin?"

Muka fashe da dariya, muka ce matsoraci ne. Ta ci gaba da kaɗinta.

Na girma, na zo ƙasar waje, birnin Greensboro, na yi shekaru ina jan babbar mota. Ɗana na biyu, Kabiru, ya shiga sojan sama. Da na ji aikinsa ya shafi sararin samaniya, duk wanda na haɗu da shi a shagunan titin Gate City Boulevard sai na ce masa yarona zai tafi wata. Ban taɓa zama na tambayi Kabiru ba.

A wata walimar suna a garin McLeansville da ke kusa da mu, wani dattijo ɗan Gana ya tare shi: "Kanar, yaushe ne tafiyar?" Kabiru ya ce shi ba ya tashi. An ba shi shugabancin masu harba tauraron ɗan'adam ne, daga ƙasa yake aiki. Fuskarsa cike da murna, ya juyo gare ni, don dama ranar ya so ya yi mini wannan albishir.

Kunya ta kama ni saboda cika bakin da na yi. Na ce, "Ashe zaman ofis ne kawai." Mutane suka yi dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya ajiye farantinsa.

Sai yanzu da na tsufa na gane Hajjo ba labarin samarin take ba mu ba. Mutumin da ke ɗauke da ran kowa take nuna mana, ni kuwa kiɗan kawai na ji.

Da Sallar da ta wuce Kabiru ya zo gida. Na zaunar da shi kusa da ni, na ce ya ba ni labarin aikinsa tun daga farko, ina da lokaci.

"Aiki lafiya lau, Baba," ya ce cikin ladabi. Ya tashi ya tafi taya mahaifiyarsa sauke shinkafa.