An Rubuta Na Yi Ƙaura

Fam ashirin da ɗaya, harajin shekara uku, a gefe guda. A ɗaya gefen gonar mahaifina, mai ba da dami talatin na dawa idan damina ta yi kyau. Zancen da baffana, da ya zo aikin hajji, ya kawo mini ke nan har ɗakina a unguwar Shisha ta Makka, kwana kaɗan bayan an sauko daga Arfa.

Lokacin ƙasarmu ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuwa shekarata bakwai a Makka. Da sayar da ruwa a Arfa na fara, har na kai ina sayen goro da jar fata a hannun alhazai ina kai wa masu kantuna. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama. In na hango askari sai in sauya lungu.

Amma a littafin dagacin garinmu ban taɓa tashi ba. An rubuta "ya tafi hajji", wanda ya tafi hajji kuwa matafiyi ne, ana jiransa, harajinsa na tafiya. Ƙanena ke noma gonar, yana biya mini fam biyu duk shekara. Ni na ɓata lamarin da hannuna: na aika wa dagaci tsarabar agogo don girmamawa. Shekara ba ta zagayo ba aka sa sunana cikin masu arziki, fam bakwai. Ƙanena ya kasa, abu ya taru.

Na ce, "Baffa, harajin nan na kai ne ko na agogo?"

"Kai dai ka biya, ɗan nan. Gari duk an san ka yi kuɗi."

"Kan nawa ga shi nan a Shisha. Shekara bakwai ban sha ruwan rijiyarsu ba, ban ci kasuwarsu ba. A nan in biya kuɗin haya ina ɓuya, can kuma in biya kuɗin zama inda ba na zaune?"

Baffa ya kurɓi shayi, ya ce sukari ya yi yawa, ya kuma miƙo kofi a ƙara masa.

"Hanya biyu ce. Ko ka biya, ko a rubuta ka yi ƙaura. Ka kuwa san gonar wanda ya ƙaura hannun dagaci take komawa."

Ina da kuɗin, shi ma ya sani. Amma na san ciniki: wanda ya biya bakwai ba gardama, baɗi goma za a yanka masa.

Na ce, "A rubuta ƙaura."

"Gonar ubanka fa!"

"Ubana da gatarinsa ya sare dajin, ba dagaci ne ya ba shi ba. In yana ganin za ta ciyu, ya ci."

Ranar da su Baffa za su tashi na canja riyal, na damƙa wa Baffa fam ashirin da ɗayan cif, na ce ya sai wa ƙanena wata gona a ƙauyen gaba, inda hannun dagacinmu bai kai ba.

Dagaci ya ba surukinsa gonarmu. Wadda ƙanena ya samu jigawa ce, dami goma sha biyu take yi, kuma ya shekara biyu bai aiko mini ko gaisuwa ba. Faɗuwar dami goma sha takwas ke nan duk damina, ban da kuɗin da na fitar. Abin da na tsira da shi fam bakwai ne a shekara, ko anini ban ba su ba. Ciniki ne na asara, ban taɓa cewa riba ba ne. Da za a sake kawo mini zancen, ƙaura zan ce.