Ƙarar Ruwa a Bayan Gidan Armaya'u

Armaya'u mai gyaran famfo, mutumin Babban Duhu ta ƙasar Safana, ɗan fari ne ga Inna Zuwairatu. Bisa al'adar Fulanin da ta fito cikinsu, uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa, ba ta tsayawa hira da shi. Tun yana bin shanu har ya koyi haɗa sola da famfunan rijiya a Batsari, sunansa a bakinta ɗaya ne: wancan.

Da idanunta suka dushe, ya ɗauko ta daga ruga ya ba ta ɗaki a gidansa. Zaman bai yi mata daɗi ba. A ruga kukan shanu ke nuna mata gabas da yamma. A nan kuwa katanga ce ta ko'ina, sai an riƙe hannunta kafin ta kai ko da gindin tulu. Ta shaida wa surukarta Fiddausi cewa da an gama girbi, ƙanenta Lawal zai zo ya mayar da ita.

Armaya'u ba shi da bakin roƙonta ta zauna. Amma ya sha jin ta tana ba Fiddausi labarin wani dutse da suke sauka kusa da shi da damina tana yarinya, inda ruwa ke zubowa daga sama, ƙararsa kuma ke mayar da ita gida duk nisan da ta yi.

A bayan gidan akwai ramin da aka haƙi ƙasar gini. Ya gyara bakinsa, ya jera duwatsu har tsayin ƙirji, ya ɗora falalen dutse a kai, ya ja tiyo daga wani ƙaramin famfo mai sola. Ya shafe ramin da siminti ya cika shi. Washegari simintin ya tsage, ruwan ya tsiyaye ƙaf.

"Sannu da aiki, maigida," in ji Fiddausi. "Ƙasa ta ce a gode maka, ta sha ta ƙoshi."

Daga kan tabarmarta Inna ta ce, "Ki gaya wa wancan, ƙasar da ba ta ji duka ba ba ta riƙe komai. A yi masa daɓe."

Daɓe aikin mata ne. Fiddausi ta gayyato maƙwabta, aka shimfiɗa yumɓu mai kauri, suka jeru a durƙushe da madaɓai suna bugu suna waƙa, Inna na ba su baiti. Armaya'u, wanda ake aika wa babur daga garin Tsaskiya in famfo ya ƙi, sai ɗebo ruwa aka bar masa, ana yi masa tsiyar yana zubar da rabi a hanya. Bai taɓa jin muryar mahaifiyarsa ta ɗaga haka ba.

Ramin ya riƙe ruwa. Ya zuba 'yan kifaye saboda sauro, ya kewaye wurin da ƙirare saboda awaki, sannan ya kunna famfon. Inna ta karkata kunne ta daɗe tana saurare.

"Wannan ai saniya ce ke fitsari," ta ce. "Ki ce masa ya kwantar da dutsen, ruwan ya baje."

Ya kwantar. Ta ce ya yi yawa. Ya sa tsakuwa ya ɗan ɗaga gefe guda, ruwan ya sauko shimfiɗe kamar zane. Da hantsi Armaya'u ya ga Inna ta fito daga ɗaki ita kaɗai, ta bi ƙarar ta ratsa tsakar gida, ta zauna a bakin ruwan ta tsoma hannu.

Bayan girbi Lawal ya iso a babur. Aka gaisa, aka tambayi shanu da mutanen ruga, ya ce, "Adda, ina kayanki?"

"Ka sha fura ka koma," in ji ta. "In na tafi, wa zai ji in ganye ya toshe famfon nan? Wancan kunnensa na kasuwa ne."

Armaya'u yana zaure yana jin su, ya rasa inda zai sa murmushinsa. Har yau Inna ce ke sanar da shi, ta bakin Fiddausi, ranar da za a kwashe ganye da ranar da za a ƙara ruwa, shi kuma bai taɓa yin musu ba.