Goggo Mai Tambaya, Wadda Ba Ta Tsayawa a Ƙofar Gida

Ƙarfe bakwai na safe Goggo Mai Tambaya ta riga ta sa takalminta na roba, ta cusa takardun tambayoyi da rakoda a jaka. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana bin gida-gida tana tattaro wa cibiyar bincikenmu bayanai, mu kuwa masu digiri muna zaune ƙarƙashin fanka muna jira. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Goggo ba ta da sauri, kuma ko a jikinta. Abokan aikinta su cike takarda talatin, ita tana kan ta goma sha biyu, don sai ta zauna, ta tambayi lafiyar yara, ta bar mutum ya gama tunaninsa. Inda ba a amsa mata ba, haka take barin gurbin, ba ta cike shi da ka.

Wata shekara wani gidan rediyo ya sa mu binciko ko ana sauraron shirinsa na lafiyar masu juna biyu. Sakamako ya nuna kusan babu mai ji. Aka yanke shawarar soke shirin, mai gabatar da shi har ta fara kwashe kayanta daga tebur. Abin ya tsaya wa Goggo a rai, ta shiga ofishin Farfesa, shugaban cibiyar, ba tare da an kira ta ba.

"Ranka ya daɗe, wa aka ce mu tambaya?"

"Maigida mana," in ji Farfesa. "Mutum ɗaya a kowane gida, haka tsarin yake."

"To ai shi ya sa. Ƙarfe goma ake shirin nan, lokacin yana wurin aiki. Mutumin da bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba, ina zai san abin da ake ji a kicin?"

Farfesa ya haɗe rai, amma ya ba ta mako biyu. Ta koma gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ta yi sallama ta shige har ciki. Ta tarar mata suna jin shirin a wayoyinsu suna wanki. Wata ma ta ce saboda shi ta gane kumburin ƙafarta ba na wasa ba ne, ta tafi asibiti da wuri. Aka fasa sokewa, har yau ana yin shirin.

Goggo, ke ce kika koya mana cewa kafin a ƙirga amsa, a fara duba bakin wanda ya ba da ita. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya huta gajiyarki. Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, ku yi koyi da ita, ku nemi izini ku shiga ciki ku ji ta bakin mutanen gida.

Akwai kuma abin da ya kamata in faɗa a bainar jama'a. Rahoton da ya ceci shirin nan ya fito da sunaye huɗu a bangonsa, babu naki. Ɗaya daga ciki nawa ne, kuma ban ce uffan ba. Ki yafe mini, Goggo.